Hannun Ɗan Gwaggo

Abin da ya tayar mini da wannan zance bikin jikata ne da aka yi a ƙofar gidanmu nan Gure. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, sai ga wani saurayi bisa moto da piyano ɗaure a baya. Shi ke nan makaɗan bikin, shi kaɗai tilo. Ya jawo wayar kuran, wato lantarki, daga gidan maƙwabta, ya zauna, ya danna wani wuri ganga ta fito, ya danna wani kalangu ya amsa. Ina cikin raba goro sai na ji algaita, har na saki farantin na waiwaya ina neman mai busa. Babu kowa, yatsan yaron ne. Da wata ƙawar amarya ta zo ta ce masa ya canza waƙa, sai ya danna, algaitar ta mutu a tsakiyar numfashi, ya shiga wani abu yana dariya. Ba wanda ya ɗaga kai. Ni kuwa sai da na shige ɗaki na zauna bakin gado. Mata suka ce hayaniya ce ta yi wa tsohuwa yawa, na ƙyale su a haka.

Ni ƴar mai algaita ce, a cikin sautinta na buɗe ido. A zamaninmu garin nan ba ya farkawa da ƙarar injin niƙa. Abin da kunne ke fara ji luguden mata ne, wannan gida ya ɗauka wancan ya amsa, sai kukan jakai masu gangarawa kwari, sai ƙugin jigo a lambuna ƙarƙashin dabinai. Mu ƴan mata mu sauka da tulu ƙafa tana nutsewa cikin rairayi, mu hauro da shi a ka muna haki, a gaishe mu da Barbarci mu amsa da Hausa, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. In na dawo sai in tarar da Baba a zaure bisa buzunsa, ya kwance algaitarsa gaɓa-gaɓa, yana shafa wa fatar jikinta man shanu, ɗan karan da ake sa wa a baki yana jiƙe cikin ludayi. A wannan lokaci ba a yi masa magana. Ko Inna sai dai ta ajiye masa kunu ta juya. Yau yaran gidan nan kowa da salula a kunne, ka yi sallama har ka gaji ba wanda ya san ka shigo.

Mutum ɗaya ne ke zama kusa da Baba a wannan lokaci ba a kore shi ba, ɗan ƙanwarsa, wanda aka kawo gidanmu bayan rasuwar mahaifinsa. Taubashina ne, don haka sunansa bai taɓa shiga bakina ba. Ni dai Ɗan Gwaggo nake ce masa, shi kuma ya ce mini Ƴar Kawu, kuma ba mu taɓa haɗuwa muka rabu lafiya ba sai an tsokani juna. Baba bai samu ɗa namiji da ya rayu ba, sai ya zuba duk abin da ke ransa a kan wannan. Ya kan ba shi karan gamba da ƙwaryar ruwa ya ce ya hura, ya riƙa shaƙa ta hanci yana hurawa ta baki, kada kumfa ta tsaya, don haka mai algaita ke busa ba ya yankewa. Ina daka ina jin muryar Baba: "Ta yanke. Sake." Ni kuma in leƙo in ce kumatun Ɗan Gwaggo sun zama na kwaɗo, ya yi dariya, ruwa ya shige masa hanci, a sake daga farko. Ko da aka kama shi aka sa lakwal, wato makarantar boko, Baba bai hana ba. Ya ce ya je, numfashin yana nan a cikinsa, ba inda za shi.

Akwai abin da sai na faɗa, don yaran yanzu ba su san shi ba. Kowane babban mutum yana da takensa, kuma take ba a yanke shi. Mai busa ba shi da ikon tsayawa don kansa in ya fara, mai taken ne ke tsayar da shi. Zai dunƙule hannu ya ɗaga masa jinjina, wato ya ji, ya karɓa, sannan mai busa ya sauke. Ubangidan Baba wani tsohon Lawan ne na can wajen Gamu, Baba ya yi masa hidima tun yana saurayi. Na taɓa ganin Baba ya bi shi tun daga masallacin Juma'a har ƙofar gida yana busa, jijiyoyin wuyansa sun tashi, saboda Lawan ya shagala da wani baƙo bai ɗaga hannu ba. Da na ce masa ai da ya huta, sai ya dube ni kamar na yi saɓo. Bayan Lawan ya rasu Baba ya ajiye wannan take, bai ƙara taɓa shi ba. Ya ce babu wanda zai karɓa.

Ɗan Gwaggo ya gama karatu ya zama mushe, wato malamin makaranta, yana koyarwa a nan garin. Lokacin samariya ne, wato ƙungiyoyin matasa, kowace unguwa da ƴan wasanta, kuma kowace shekara ana zuwa Damagaram a yi gasa. Da aka ga yana da kunne sai aka tura shi istaj, wato ƙaro ilimin kiɗa, a Yamai. Ya dawo da wando tsuke da wata siririyar sanda fara, da magana cike da baki. Ya ce ya ga inda mutum ɗaya ke tsayawa gaban makaɗa masu yawa, kowa da abin kiɗansa daban, ya haɗa su da hannu su zama murya ɗaya. Mu a nan kowa nasa yake yi, masu ganga su yi su gama, mai gurmi ya yi, ƴan mata mu yi waƙa da tafi. Shi ya ce a'a, duka za a haɗa, har da gitar biyu na samarin lakwal, kuma algaitar Kawunsa ce za ta zama uwar tafiyar. Na ce masa, "To kai me za ka kaɗa?" Ya ɗaga mini sandar. Na ce, "Ashe kiwon awaki aka tura ka koyo." Bai ko yi dariya ba, nan na gane da gaske yake.

Ranar gwajin farko a gidan samariya, bayan la'asar, Baba ya zo da babbar rigarsa don ɗan ƙanwarsa ne ya roƙe shi. Aka jera mu. Ɗan Gwaggo ya nuna masu ganga da sanda suka shiga, ya nuna mai gurmi ya shiga, sannan ya juya ya miƙa sandar saitin fuskar Baba. Baba bai busa ba. Ya cire algaitar daga baki, ya dubi sandar, ya dubi mai sandar.

"Ni kake nunawa da itace?"

"Kawu, alama ce kawai, wato ka shigo."

"Na san ƙofa. Jaki ake nuna wa hanya da sanda."

Ya kwance algaitarsa ya sa a jaka ya fita, masu ganga suka sunkuyar da kai. Da yamma na tarar da Ɗan Gwaggo a bayan gida ya haɗa kai da gwiwa. Na ce masa, "Kai wane irin wawa ne? A Yamai ba su da kawunnai?" Ya ce to yaya zai yi, in babu alama ai kowa zai shiga inda ya ga dama. Na ce wannan kuma shi ya sani, shi ne mai istaj. Washegari ya durƙusa a zaure ya ba da haƙuri, sandar kuma Inna ta samu abin tone toka.

Daga nan ya ƙago hanyarsa, kuma wallahi har yau ban ga irinta ba. Sauranmu da hannu yake tafiyar da mu. In ya buɗe tafin hannu a ci gaba, in ya dunƙule a tsaya cak. Kafaɗarsa ta hagu ta masu ganga ce, girarsa tamu ce ƴan amshi. Amma in lokacin Baba ya yi, sai ya sauke hannuwa duka, ya juya ya ɗan rusuna kamar mai kawo gaisuwa, Baba kuma ya shigo da izzarsa. Matsalar ɗaya ce, babu yadda ƙarami zai ce wa babba ya isa haka. Saboda haka aka bar wa Baba wajen tsayawa. Wani sautin tafiya yake busawa wanda ba taken kowa ba ne, in ya ga ya ishe shi sai ya sauke da kansa. Ɗan Gwaggo ya kan kafa wa kumatun Baba ido, da ya ga sun fara saki sai ya ɗaga mini gira, in shiga da waƙa a cikin shirun da algaita ta bari. Ni ce zabiya. Wannan shirun shi ne ƙofata, in algaita ba ta tsaya ba, ni ba ni da wurin shiga. Muka yi ta yi har mutanen gari suka riƙa barin sana'arsu suna hawa katanga. Na ji daɗin waɗannan yammaci fiye da duk abin da na ji a rayuwata, ban kuma ɓoye wa mijina ba, Allah ya jiƙansa.

Muka hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Damagaram, ganguna ɗaure a sama, Baba a gaba kusa da direba. A can aka gaya mana doka: kowane gari da lokacinsa, alƙalai suna zaune da agogo, wanda ya zarce an fid da shi ko da ya fi kowa. Ɗan Gwaggo ya je ya rusuna ya gaya wa Baba cikin ladabi. Baba ya ce ya ji. Da rana tsaka aka kira Gure. Fili cike maƙil, manya a kujerun gaba. Muka fara lafiya, ganga ta zauna, gurmi da gitar suna zance, sai Ɗan Gwaggo ya juya ya rusuna, Baba ya shigo. Bai yi nisa ba na ji sautin ya karkace ya bar hanya. Na san abin da nake ji. Taken Lawan ne, wanda ban ƙara ji ba tun ina ƙarama. Na bi idon Baba, sai ga dalili. A layin manya akwai wani mutum da kwat da tabarau, ɗan marigayi Lawan ne, ya zama babban ma'aikaci a birni. Baba ya gane shi, kamarsu ɗaya da uban. Ya juya masa bakin algaita yana busa masa taken gidansu.

Mutumin nan kuwa hira yake da na kusa da shi. Bai san taken ubansa ba. Ya ɗan dubi Baba ya yi murmushin da ake yi wa kowane makaɗi, ya koma hirarsa. Baba ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa daga farko, ya kai ya sake, gumi yana bin gemunsa. Masu ganga suna ta riƙe masa, hannuwansu sun fara sanyi. Ni ina tsaye da waƙa a maƙogwaro babu ƙofar shiga. Ɗaya daga alƙalan ya ɗaga agogo ya nuna wa ɗan'uwansa. Ɗan Gwaggo ya rusuna wa Baba, Baba bai gan shi ba. Ya sake rusunawa har ƙasa. Ya waiwayo ya dube mu, mu da muka bar daka da kiwo da lambu wata da watanni saboda wannan rana. Sai ya taka ya shiga tsakanin Baba da mai kwat, ya dunƙule hannu ya ɗaga shi a gaban fuskar Kawunsa.

Algaita ta tsaya. Irin shirun da ya biyo baya ban taɓa jin sa ba, fili guda babu mai tari. Girar Ɗan Gwaggo ta motsa, na shiga, ban san ma na shiga ba. Mutane suka miƙe tsaye. Daga baya kowa cewa yake wannan yankewa ita ce gwanintar, sun ɗauka shiryawa aka yi. Gure ta zo ta ɗaya, gidan radiyo ya ɗauki wasan, aka ɗaga Ɗan Gwaggo sama. Da za mu hau kamyo ya je ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Kawu, ka gafarce ni, lokaci ne ya ƙure." Baba yana ɗaure bakin jakarsa, bai ɗago ba. Ya ce, "Ba hannunka nake jira ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan wannan rana har ya koma ga Allah.

Da muka dawo gida ya naɗe algaitar cikin tsohon rawani ya rataye a ɗaki. Aka yi ta zuwa biki da suna ana roƙonsa, ya ce ya tsufa. Ya koma lambu yana ban ruwan rogo. Ɗan Gwaggo zai zo gaisuwa da safe, Baba ya amsa lafiya lau, ya tambaye shi aiki, shi ke nan, kamar baƙo. Buzun nan na zaure bai ƙara matsa masa ya zauna ba. Ba a jima ba aka kira Ɗan Gwaggo Yamai aka ba shi babban orkes, wato ƙungiyar makaɗa, yana da ƙuruciyarsa, dattawa suna bin hannunsa. Ya zaga ƙasashe, ana ce masa Shef. Ya kan aiko da riga da hula, Baba ya ce an gode, ya ba ladan. Ni kuwa na ɗauki fushin Baba na ɗora a kaina. In ya zo hutu ba na tsokanarsa, kuma a tsakanin taubasai babu horon da ya kai wannan. Na ce a raina ya sayar da Kawunsa don a tafa masa.

Sai dai akwai abin da na riƙa gani wanda ya hana ni sakat. Gidan radiyo sun so wasan nan namu, suna yawan sa shi da hantsi. Duk lokacin da aka sa, Baba ba ya cewa a kashe. Ya kan zauna da akwatin a gefensa, hannunsa bisa gwiwa, ya saurari kansa yana zagaya taken Lawan. Daidai wurin da aka yanke shi, sai in ga yatsunsa sun naɗe sun dunƙule. Kowane lokaci haka. Ban taɓa tambayarsa ba, a zamaninmu ƴa ba ta tambayar uba irin wannan. Baba ya rasu Ɗan Gwaggo yana wata ƙasa da makaɗansa, sai bayan an share makoki ya iso. Ya tsaya a zaure ya rasa inda zai zauna.

Duniya ta juya. Orkes ɗin ya watse, wa zai ciyar da makaɗa cike da mota alhali yaro ɗaya da piyano ya wadatar? Gidan samariya yanzu wurin kallon ƙwallo ne. Masu gangar nan duk sun tafi, ƴan amshina saura ɗaya, ita ma ba ta gane mutane. Ɗan Gwaggo ya dawo Gure da furfura da ciwon ƙafa, yana zaune a gidan ɗansa can gefen kwari. Yaran unguwar sun san shi da tsohon da ke korar awaki daga shuka, ba su san ƙasar nan ta taɓa miƙewa tsaye saboda hannunsa ba. Mukan gaisa a suna ko jana'iza, sama-sama.

Washegarin bikin jikata na yafa mayafi na tafi wurinsa. Na same shi a gindin dabino bisa tabarma. Na ce, "Ɗan Gwaggo, kumatun kwaɗon nan duk sun zube." Ya dube ni ya ce, "Ƴar Kawu, yau kin tuna da ni." Na ba shi labarin yaron piyano, yadda ya kashe algaita da yatsa ɗaya ko gezau. Ya ce shi ma ya jiyo daga nan, sai da ya toshe kunne. Sannan ya yi tambayar da na san ita ce ke cinsa tun muna da baƙin gashi.

"Kawu ya yafe mini?"

Na gaya masa zancen radiyo da hannun Baba, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba don ban san me zan ce yake nufi ba. Ya matso. Ya ce, "Da yarda yake dunƙulewa, ko da ciwo?" Na ce, "Wallahi ban sani ba. Na yi shekaru ina kallon hannun nan. Wata rana in ce ya gane ka fid da shi kunya ne, don da ba ka tsayar da shi ba da sai ya faɗi a filin nan mutumin bai ɗaga masa ba. Wata rana in ce tuna masa ake yi yaron da ya koya wa numfashi ya hau kujerar ubangidansa. Ba zan yi maka ƙarya don ka ji sanyi ba." Ya gyaɗa kai. Ya ce gara haka.

Can ya ce in yi masa waƙar, ko sau ɗaya. Na ce muryar ta tafi, ya ce shi ma ƙafar ta tafi, sai me. Ya gyara zama. Ya motsa kafaɗar hagu, na ji ganga a kaina sarai. Ya buɗe hannu wa mai gurmi. Sannan ya juya wajen da babu kowa sai kututturen dabino, ya sauke hannuwa, ya rusuna. Na ja numfashi na shirya, don na san inda za a yanke, nan ce ƙofata. Wurin ya zo. Ya ɗaga hannun dama a hankali, amma a buɗe, idonsa a rufe, hawaye suna bin gemunsa. Na jira. Wurin ya wuce, taken ya sake zagayowa, ya sake wucewa. Har aka kira la'asar a masallacin unguwa bai dunƙule hannun ba, ni kuma ban shiga ba.